'Yata ta shiga ɗakin na'urar da na tsine wa

Goggo Riziki, ki taimake ni, murna na neman jefa ni cikin rigima.

Ni matuƙin kwalekwale ne a Shimoni. Tun ina saurayi nake ɗaukar baƙi zuwa tsibirin Wasini kallon dolfin, dabbobin nan na teku masu kama da kifi amma suna shayarwa. In na bubbuga gefen katako sai ki ga sun taso, kowace uwa da ɗanta a gefe. Amma da zarar jiragen yaƙi sun zo atisaye, suka kunna na'urar nan mai sakin ƙara cikin ruwa don gano jiragen ƙarƙashin teku, sai dolfin su ɓace kwana da kwanaki. Kin san mu, abin da ke cin ran mutum, a jikin kwalekwalensa yake rubutawa. Ni da jan fenti na sa aka rangaɗa: "Masu kurmantar da teku, Allah ya isa."

To, 'yata ta fari, Mwanakombo, ta gama horon sojan ruwa, ita ta zo ta ɗaya. Kin san inda aka kai ta? Ɗakin wannan na'urar. Wai kunnenta ya fi na kowa. Ai dole, a kwalekwalena ta koyi saurare. Wallahi da na ji labari sai da na taka rawa a bakin gaɓa, da furfurata da komai. Uwarta tana ta dakan kayan ƙamshin shinkafar pilau, akuya ma an ɗaure.

Matsalar ita ce, ta ce da kwalekwalena za a ƙetare da ita walima a Wasini, cikin kakinta, da abokan aikinta. Abokina Shee, mai bakin tsiya, kullum sai ya tsaya ya karanta rubutun da ƙarfi, ya tambaye ni ko har da 'yar gida a ciki. In na shafe, na ci amanar dabbobin da suka ciyar da ita. In na bari, na tsine wa 'yata ranar farin cikinta. Ita dai dariya kawai take yi. Yaya zan yi?

Uban Soja, Shimoni

Baba Uban Soja, barka da arziki, wannan rawa ta cancanta.

Fushinka yana da tushe. Dolfin da kunne suke neman abinci da 'ya'yansu, ƙara mai ƙarfi tana iya tarwatsa su, har ta cutar. Su ma sojan ba wasa suke yi ba: jiragen ƙarƙashin teku na yanzu ba su da hayaniya, wani lokaci sauraro kaɗai ba ya isa a gano su. Rundunoni da yawa kan sa mai dubawa, a rage ƙara in an hango dabba. Wannan kuwa sai da mutane masu tausayi a ɗakin, ga shi ka haifa musu ɗaya.

Ka shafe tsinuwar, ka bar koken. Rubuta abin da za ka iya karantawa a gabanta, kamar "Ku rage ƙara, akwai masu shayarwa a ƙasa." Ranar walima ka bi da baƙinka ta inda dolfin ke tasowa, ka yi shiru, kada ka yi musu wa'azi. Shee kuma a cika masa faranti.

Dariyar nan tata kada ta ruɗe ka, jira take ta ga abin da za ka yi. Ka kira ta tun kafin ranar, ka miƙa mata burushin fenti, ku rubuta tare.

Allah ya tsare ta a teku, ya bar ku cikin wannan farin ciki.

Goggo Riziki