Garmar Baba mai zuba ƙasa hagu

Daren Laraba, Mayu 2008, Sanyuanli

Kaina ya ɗaure yau. Na je karɓo bakin garmar Baba wurin maƙerin da na kai wa tsohon bakin ya kwaikwaya. Da ma sai da na zagaye kasuwa da shi, kowa "meiyo", wato babu da Sinanci, don garmar tun ta Kaka ce, hagu take zuba ƙasa. Lawban, wato mai maƙerar, ya miƙo mini sabo yana murmushi, sai na ga na dama ne. Wai ya ga nawa a karkace, ya gyara mini.

Na kira gida raina a ɓace, sai Yaya Sani ya hau murna. Ashe bana masu shirya gasar huɗa ta garinmu sun ce kowa ƙasarsa ta faɗi dama, don aiki ya tafi bai ɗaya. Mai garmar hagu ba zai shiga ba. Ya ce, "Kawo shi haka, Allah ne ya taimake mu."

Baba ya karɓi wayar. Ya ce sansa Baƙi ne mai bin cikin kwari tun yana maraƙi, ta hagu. In aka juya garma, ɗayan san, Ja, zai koma kwari, shi kuwa bai taɓa ba. "Alƙalan ne za su ja mini garmar?"

Na ce wa Yaya to, na ce wa Baba to.

Bizata ta kusa ƙarewa, ba a ƙarawa saboda Olamfik. Gobe zan koma wurin lawban. Sinancina bai wuce sannu, na gode da babu ba, kuma da shi zan yi masa bayanin halin Baƙi.