Ranar da Yaya Ya Daki Mai Fenti

Litinin, 3 ga Maris
Muhawara a sashenmu na falsafa. Na ce a zamanin nan babu ma'auni guda na daidai da kuskure, kowa shi ke sassaƙa nasa. Gemu, wanda muke ofis ɗaya, ya bugi tebur har shayinsa ya zube. "To in na mare ki yanzu fa, Dakta?" Na ce ra'ayinsa ne. Aka kwashe da dariya. Na ji daɗi, ba ƙarya.

Laraba, 5 ga Maris
Yaya ya daki mai fentin da ke masa aiki a sabon gida. A gabana. Wai ya ɗiga masa fenti a mota. Da ƙarfen labule, farko a kafaɗa, sannan a baki. Bawan Allah ya durƙusa yana "yi haƙuri, ranka ya daɗe", jini na bin rigarsa, yana laluben haƙorinsa a ƙasa. Yaya ya taka masa hannu. Na ji ƙarar yatsun. Ni kuwa ina tsaye da jaka kamar an dasa ni.

Alhamis, 6 ga Maris
Yau ban ci komai ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na sami Yaya a falo, na ce abin da ya yi zalunci ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Auta, ba ke ce mai cewa kowa da ma'auninsa ba? To wannan nawa ne." Ban san lokacin da na wurga masa kofin gilashi ba. Goshinsa ya tsage. Ni fa! Umma ta shigo tana salati, ta raba mu kamar yara.

Lahadi, 9 ga Maris
Umma a waya: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Hannun wa?

Talata, 11 ga Maris
Matar mai fentin ta zo ofis. Ba ta zauna ba. Wai likita ya ce da wuya yatsun su sake riƙe buroshi. Sauran ma'aikatan duk sun ce ba su ga komai ba. "Ke kina wurin, Hajiya."

Laraba, 12 ga Maris
Na je wurin 'yan sanda. Wucewa kawai nake ta hanyar. Na ba da shaida, sajan ya karanto mini abin da ya rubuta: "ya buge shi." Na ce ya ƙara "bisa zalunci". Ya ce su ba sa rubuta irin wannan. Na ce ya dai rubuta.

Umma ba ta ɗaga wayata. Kukan da na yi a mota, gajiya ce.