Sunan da Ya Fi Ƙarfin Bakina

Asibitin Shika, Zariya.

Zuwa ga Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Makarfi. Ya damina, ya fama da jama'a?

Kar ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar ce ba ta faɗuwa da baki. Kin ji dai ƙafar Inna ta matsa mata, an mai da ita Gazara, jinyar yaron nata ta dawo hannuna. Likitoci sun tabbatar sankarar jini ce. Suna ɗaura masa wani ruwan magani, ya wuni yana amai, gashinsa kuma ya soma bin matashi.

Yaya, ke shaida ce, tun da aka yaye shi Inna ta ɗauke, ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, haka muka taso muka gani, har yabona ake yi wai na fi ki alkunya. To jiya wata nas ta tambaye ni ko ni ce mahaifiyarsa. Kafin in yi tunani bakina ya ce ɗan gidanmu ne. Idonsa biyu, Yaya. Ya dai juya ya fuskanci bango. Maman Zulkifilu, wata 'yar Kudan da ke jinya a gadon kusa da mu, ta bi ni da kallo har na rasa inda zan sa fuskata.

A sa mu a addu'a. Ki gaida Malam.

Ƙanwarki,
Ummulhairi, Maman Khairi.

Ikara.

Yaya Hajo,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ya gida, ya ƙoƙari? Mazarƙwailar ta iso, Allah ya bar zumunci, sai dai wanda kika aiko wa ɗin bakinsa duk gyambo ne, Khairunnisa da ƙaninta ne suka yi mata kwaf ɗaya.

An ba mu hutu kafin zagayen magani na gaba, mun dawo gida. Likita ya hana shi shiga jama'a, don haka makarantar surukina Baba Malam da ke zaure sai dai ya jiyo karatunta daga ɗaki, yana bi a hankali. Babansu ya aske kansa ƙwal don ya taya shi, yaran suka yi ta dariya. Baban kam ya iya abinsa.

Ni ce dai. Ranar Juma'a dangin babansu suka cika tsakar gida da dubiya, amai ya taso masa a bakin ƙofa. Na yunƙura zan tashi, sai na ga idon gwaggonninsa, na koma na zauna, na ce Khairi ta kai masa buta. Yarinya ƙarama ita ta riƙe masa goshi, uwarsa na zaune tana zuba wa baƙi kunu. Da yamma Khairi ta zo ta same ni a madafi, wai yayanta ya tambaye ta ko ni ma ina jin tsoron ɗaukar cutar ne. Wai ya lura ita kullum sai na kira sunanta sau ba adadi, ko da faɗa ne.

Na san za ki ce in daina wauta, kamar ke kin taɓa kiran ɗan farinki Salman da sunansa. Wallahi na gwada, ni kaɗai a bayan ɗaki, harshena ya ƙi. Kunyar da ake yabona da ita ce yau nake jin kunyarta.

Taki,
Ummulhairi, Maman Khairi.

Asibitin Shika.

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya.

Zazzaɓi ya rufe shi shekaranjiya da hantsi, muka taho ba shiri, har da Baba Malam da ƙannen babansu. Muna isa ya daina amsawa. Suna ta ƙoƙarin samun jijiya, likita ya ce uwarsa ta matso kusa da kunnensa ta yi ta kiran sunansa, kada a bar shi ya nutse. Na ɗaga kai, ga surukina tsaye da carbi. Yaya, ko a wannan halin sai da na tsaya duban fuskar mutane. Wannan tsayawar ba zan yafe wa kaina ita ba.

Na durƙusa na kira. Muryar ta fito kamar ta aro. Na sake kira, na sake, har na daina jin ko akwai kowa a ɗakin. Can ya buɗe ido. Kin san me ya yi? Ya tsallake ni da kallo, yana dube-dube wajen ƙofa, yana neman Inna. Bai san sunansa a bakina ba.

Da ya gane ni ce, ya daɗe yana kallona, sannan ya motsa leɓe ya ce in ƙara. Na ƙara. Baba Malam ya fita waje, ban sani ba ko don kunya ko don hawaye, ban kuma tambaya ba.

Zazzaɓin ya sauka. Likitoci sun ce da sauran tafiya, ba su yi mana alkawarin komai ba. Yanzu haka kansa na kan cinyata, ga 'yan dubiya na shige da fice. In labari ya iso Gazara cewa na zubar da kunya, ki ce musu gaskiya ne.

Suhaib yana gaishe ki. Ya ce ki ajiye masa mazarƙwailarsa sai bakinsa ya warke.

Ƙanwarki,
Ummulhairi, Maman Suhaib.