Bencin da Muka Gitta a Bakin Lungu

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin kai saƙo da ke Tukur-Tukur, wanda ɗana Habibu ya yi wa aiki.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke ci a ƙarƙashinka.

Ranka ya daɗe, ban so maganar nan ta fita bainar jama'a ba. Na yi ta sintiri a ofishinka har mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo. Kullum yarinyar da ke teburin gaba takan ce, "Baba, oga ya tafi Kaduna, ka bar lambarka." Na bari. Ƙafafuna sun gaji, shi ya sa na koma ga alƙalami.

Sunana Yusha'u, ɗan unguwar Limancin Kona ne ni, cikin birnin Zariya, a nan aka haife ni, a nan nake jiran ajali. Na yi karatu a harabar jami'a ta Kongo, nan Zariya, a zamanin da muke ganin mu ne za mu gyara ƙasar nan. Na ƙare a wani ofishin gwamnati ina rubuta rahoto kan lunguna da kwatoci, rahotannin da gara ce kaɗai ta kula su. Saboda haka na san inda wasiƙa irin wannan take ƙarewa. Ina rubutawa ne don ba ni da wata dabarar.

1. Allon batir

Habibu shi ne autana. Ya gama difloma ya zauna shekaru ba aiki, sai ku kuka ɗauke shi, kuma na gode. Abin hawan da kuka fara ba masu kai saƙonku wani allo ne mai ƙananan tayoyi huɗu da batir a ƙasansa, mutum ya tsaya a kai yana sarrafa shi da ɗan abu a hannu. Ranar da ya fara shigowa da shi unguwa, abokina Malam Tanimu, wanda muka yi elemantare tare, ya kalle shi daga kan dakali ya ce, "Habibu, faranti ka hau? To ina miyar?" Har ya bar duniya da Mai Faranti yake kiransa.

Allon nan a kan kwalta yana da kyau. A cikin birni kuwa rago ne. Yashi ya tsayar da shi, tsakuwa ta tsayar da shi, kwata ko ta taki ɗaya ce ba ya iya tsallakewa. Dole a bakin kowane lungu Habibu ya sauka, ya saɓa shi a hammata, ya taka da ƙafa. Wanda ke tafe a ƙasa kuwa dole ya yi sallama, ya rusuna wa manya, ya ji abin da ake ciki. Sau da yawa shi yake kawo mini labarin wanda aka kwantar a asibiti da wanda aka yi wa haihuwa. Yakan yi ƙorafin ragwancin allon, ni ma ina taya shi. Ban san ragwancin ne yake tsare mu ba.

2. Taya-ɗaya

Bayan babbar Sallah kuka karɓe allunan kuka raba musu abin da unguwa ta sa wa suna taya-ɗaya. Ga wanda bai taɓa gani ba: ƙatuwar taya ce guda, mutum ya sa ta tsakanin ƙafafunsa ya tsaya a kan matakai biyu. Ba sitiyari, ba abin riƙewa. In ya karkata gaba ta ruga, in ya karkata baya ta rage. Tana da nauyin da ba a saɓa ta a hammata, tana tsallake kwata kamar ba kwata, a kan titi kuma na ga ta bar babur a baya. Ba ta da ƙara ko kaɗan.

Wanda ya koya musu hawa wani saurayi ne da kuka ɗauko daga Legas. A filin ƙwallo ya koya musu, inda ba kwana, ba katanga, ba tsoho mai sanda. Ban ji an ce ya taɓa shiga ta wata ƙofar ganuwa ba. Kuka ba su hular kwano mai rufe kunne, waya tana yi musu magana a ciki tana nuna hanya mafi kusa. Kuka kafa allo a ofis kuna jera sunayensu, mai sauri a sama, na ƙasa ana yi masa gargaɗi.

Na zaunar da Habibu na ce masa ɗan karatun da na yi ya isa in san abu mai nauyi in yana gudu sai an ba shi fili kafin ya tsaya, lungunanmu kuwa kafin ka ga gabanka ka riga ka sha kwana. Ya ce, "Baba, kowa ya koma. In na ce allo nake so, gobe wani za a ba rigata." Na ƙyale shi. Shi ke sayen hatsin gidan nan da maganin hawan jinin mahaifiyarsa, ni fanshona sai ya ga dama yake zuwa.

3. Abin da benci yake nufi

Wannan shi ne abin da taswirarku ba ta sani ba. A cikin birni, in an yi rasuwa, a ƙofar gida ake sallar gawa, a cikin lungu. Kafin a fito da mamaci akan ɗauki benci a gitta a bakin lungun. Mai babur ya gani ya juya, mai Keke ya juya, mai kura ya juya. Ba a rubuta komai a jiki, ba a sa kowa gadi. A gefe guda kuma akan bar ɗan tsaga daidai faɗin mutum, don masu zuwa jana'iza su wuce ba sai sun tsallaka ba. Tun ina yaro haka ake yi, kuma ba abin hawan da tsagar nan ta taɓa ɗauka. Mu da muka gitta bencin ranar ba mu yi tunanin an ƙirƙiro wanda za ta ɗauka ba.

4. Ranar da abin ya faru

Malam Tanimu ya rasu da safiyar wata Laraba, aka sa sallarsa bayan Azahar. Habibu ya fita aiki tun kafin labari ya bazu. Da allo yake hawa, da ya sauka a bakin lungu dole, da ya tambayi wa ya rasu, da ya jingine shi ya shiga sahu, don mamacin tamkar uba yake a wurinsa.

Ina sahun farko. Ka sani sallar gawa ba ta da karatu a bayyane, kabbara huɗu ce da shiru a tsakaninsu. Mu muna shiru, abin hawanku yana shiru, kunnen yaron yana rufe. Liman ya yi kabbara ta uku sai muka ji wani abu ya bugi katanga. Habibu ne. Ya bi ta tsagar benci, ya sha kwana ya ga sahu a gabansa, ya ga ba zai iya tsayawa ba, ya jefa kansa jikin bango don kada ya afka wa mutane. Shi ya tsaya a nan. Tayar ba ta tsaya ba. Ta yi ta katantanwa ta wuce ta gefen liman ta daki makara. Makarar ta karkace, mayafin da aka rufa ya zame, ƙafafun Malam Tanimu cikin likkafani suka sauko ƙasa.

Liman, Allah ya saka masa da alheri, bai yanke salla ba. Ni ma ban juya ba, amma na ga launin rigar kamfaninku ta wutsiyar ido, na san ko waye. Hular kwanon ta fita daga kansa ta gangaro kusa da mu. Tsakanin kabbara ta huɗu da sallama, abin da jama'a suka ji shi ne muryar wata mace daga cikinta tana cewa da Turanci a juya hagu.

Samari sun yi kan Habibu. Alhaji Lawal, babban ɗan mamacin, shi ya tare su ya ce, "Ku bari mu kai Baba makwancinsa tukuna." Da hannuna na taya gyara abokina a kan makara. Ban iya kallon kowa ba har muka dawo daga maƙabarta.

5. Abin da kamfaninku ya yi

Kafin mu dawo, motarku ta zo ta ɗauke tayar. An gaya mini yaranku sun juya ta sun duba ko ta fashe. Habibu kuwa maƙwabta ne suka kai shi wurin mai ɗori, ƙashin kafaɗarsa ya karye. Da yamma saƙo ya shigo wayarsa cewa an dakatar da shi. Washegari kuka aiko da katan-katan na ruwan roba wurin zaman makoki, kowanne da tambarin kamfani a manne, direba ya sauke ya tafi ko addu'a bai tsaya yi ba. Alhaji Lawal ya sa aka mayar muku. Daga baya kuka rubuta a shafinku na intanet cewa wani ma'aikaci ya saɓa ƙa'idar aiki kuma an ɗauki mataki.

Wace ƙa'ida ya saɓa, ranka ya daɗe? Hanyar da wayarku ta nuna masa ya bi. Gudun da allon ofishinku yake yabawa ya yi.

Ba na wanke ɗana. Ɗan birni ne, ya ga benci, ya san abin da benci yake nufi. Ya ce mini ya zaci suna ake yi, mutane na zaune a gefe, zai sulale ya wuce kamar yadda ya saba tun da ya hau tayar nan. Wannan laifinsa ne kuma yana ɗauke da shi. Amma wa ya saba masa da sulalewa? Wa ya cire masa dalilin sauka?

6. Halin da muke ciki

Kafaɗa tana warkewa, ba ita ce damuwata ba. Tun ranar Habibu bai sake kwana a gida ba. Yana ɗakin wani abokinsa a Kongo. Yara a unguwa sun sa masa suna Mai Ture Makara, suna rerawa in sun ga ƙannen abokansa. Mahaifiyarsa kullum sai ta zuba masa abinci a kwanonsa ta rufe, da safe ta ɗumama wa jikoki. Ni na daina zaman dakali. Salla ma a wani masallaci nake yi, can gaba, inda ba a cika sanina ba, ina jan ƙafa ina wuce namu.

Na je gidan mamacin neman afuwa. Alhaji Lawal ya karɓe ni a zaure da mutunci, ya ce, "Baba Yusha'u, Habibu ƙanena ne, ni na yafe. Amma Inna ta ce kamfani ya ce shi ya karya doka, to ganganci ya yi da gawar mijinta ke nan. Ta ce kada ya sake bi ta ƙofarta sai wanda ya ɗora shi a kan abin ya zo ya faɗi gaskiya da bakinsa." Tsohuwar tana cikin takaba. Lungun nan ɗaya ne, ba a isa gidana sai an bi ta ƙofarta. Ba ni da bakin ce mata ta yi kuskure. Ni ma da ni ne a kan makarar, haka zan so matata ta tsaya.

7. Abin da nake roƙo

Ba diyya nake nema ba, ba kuma na roƙon ku mayar da shi aiki. Lahadin nan mai zuwa za a yi sadakar arba'in. Ina roƙonka ka zo da kanka, ba wakili ba, ba direba ba. Kada ka zo da mai ɗaukar hoto, kada ka zo da katan. Ka cire takalmi, ka zauna a tabarma, ka yi wa Malam Tanimu addu'a. Sannan ka ce wa Alhaji Lawal, yadda za a shiga ciki a gaya wa mahaifiyarsa, cewa kamfani ne ya nuna wa yaron hanyar, kamfani ne ya koya masa gudun. Ba za a zage ka ba. Mutanen nan in ka zauna a tabarmarsu ruwa za su ba ka.

Ina kuma roƙon ku goge abin da kuka rubuta a shafinku. Sauran yaran da ke hawa har yau, jiya ma na ga ɗaya ya wuce kamar an harbo shi, ku gaya musu duk inda suka ga benci su sauka. In tayar ba ta saukuwa cikin sauƙi, to ku bar ta a titi, ku mayar musu da allonsu a cikin ganuwa. Saƙo zai makara kaɗan. Mun daɗe muna jiran abubuwan da suka fi saƙo.

Ranar Lahadi da safe za a sake gitta bencin nan a bakin lungu saboda masu zuwa addu'a. A kansa za ka same ni zaune, tsoho mai baƙin tabarau da sanda. Na ce wa Habibu ya zo ya tsaya a bakin titi ya jira. In ka zo, zan ɗaga masa hannu, mu uku mu bi ta tsagar nan da ƙafa. In aka shafa fatiha ba ka zo ba, zan taya yara ɗauke bencin, in koma gida in ce wa uwarsa ta wanke kwanon ta kife.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka 'ya'yanka a duk hanyar da suka bi. Ranar da aka fito da kai, kamar yadda za a fito da kowannenmu, Allah ya sa a yi maka salla cikin natsuwa har a sallame.

Wassalam.

Malam Yusha'u,
Limancin Kona, cikin birnin Zariya.