Kwano Ɗaya da Ishaya

Manchester, Janairu 1995

Ƙanena Auwal,

Assalamu alaikum. Ya karatu? Ya su Inna da Kubura da mutanen Jega?

Ni lahiya lau nike, sai sanyi. Abinci ma akwai, sai dai in na zauna ci, wasu Turawa kan ɗauki farantinsu su sake wuri don ni baƙar fata ne. Ba komi, na saba.

Inna ta aiko mini da ƙararka. Wai an ce Ishaya, ɗan ajinku, maza yake so, sai 'yan kwanonku suka tashi suka bar shi. Kai kuwa ka wanke hannu kuka ci tuwo tare, har ka sha duka. Ta ce in yi maka faɗa.

To, ga faɗan. Nan ma akwai ɗalibai irin Ishaya, har ƙungiya gare su. Ɗayansu ne ya fara ajiye farantinshi kusa da nawa, kuma ranar na san na ƙoshi.

Wallahi ka burge ni, Auwal. Ka yi hattara da masu duka, ka lallashi Inna, amma gobe ma ka wanke hannu.

Allah shi yi maka albarka.

Yayanka,
Abdulbasit