Teburin Takwararki

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Mu nan jiki lafiya. 'Yata takwararki ta shiga aji biyu, haƙoranta na gaba sun faɗi, dariya sai ta rufe baki.

Yaya, abin da na kasa faɗa miki a waya shi zan rubuta. Kotu ta ba da umarnin a fitar da ni daga ƙasar nan. Kwana talatin aka ba ni, sha ɗaya sun tafi, kuma ba ni da izinin dawowa sai bayan shekara goma.

Laifina ne. Kin san halina, tun da na zo da zarto da guduma har na buɗe shagona, ban taɓa bari wani ya cike mini takarda ba. Matata ta sha cewa in nemi lauya, ni kuwa in ce wanda ya gama sakandare ba ya bukatar ɗan rakiya. Da muka koma babban gida bara, kowa na sanar, har allon shago na sake wa fenti, amma ofishin shige da fice ban sanar ba. Sammaci biyu suka aika tsohon gida kan takardun zamana. Alƙali bai gan ni ba, ya yanke hukunci. Lauyan da na je wa daga baya ya ce lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce.

Takwararki a nan aka haife ta, takardun uwarta kuma lafiya lau, don haka su za su zauna. Na ture aikin mutane na haɗa mata teburin karatu. Kowace ƙafa na huda mata rami goma, don a riƙa ɗaga shi duk shekara tana girma, na koya wa uwarta kwance notin. Yarinyar ta bi ramukan da yatsa tana ƙirgawa, sai ta tambaye ni ko in aka ɗaga shi zuwa na ƙarshe tun yanzu zan dawo da wuri. Na ce mata bari in duba ko gam ya bushe. Ya bushe tun jiya, Yaya.

Ki sa a share mini ɗakin baya. Kada ki faɗa wa Inna, da bakina zan faɗa mata. Ki gaida Kawu da Gwaggo da Auta.

Ƙaninki,
Kafinta