Yafiyar da Ba Tawa Ba

Talata, 1 ga Yuli, 2025
Ka yi haƙuri, littafin addu'o'ina, yau ƙorafi zan zuba maka. Ba ni da wanda zan faɗa wa. An sallamo maigidana, Malam Muntasir, daga asibiti, babu hannun dama. Injin niƙa roba na kamfanin da yake wa aiki a Chikaji ya cinye shi har gwiwar hannu. Shekara sha huɗu yana gaban injin nan.

Alhamis, 3 ga Yuli
Ni nake masa alwala yanzu. Da na kawo tuwo, ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu, sai ya ce, "Maman Bilkisu, da wannan zan yi bismillah?" Na ce lalura ce, Allah ya gani. Na fita tsakar gida kada ya ga fuskata.

Laraba, 9 ga Yuli
Barista Keziya, 'yar maƙwabciyarmu nan Samaru, ta je kamfanin kan maganar diyya. Sun ce babu. Wai iyali sun yafe, suna da shaida a waya.

Ni ce shaidar. Ranar da abin ya faru, Malam na ɗakin tiyata, manaja ya zo jaje da buhun shinkafa. Ya ce a yi haƙuri. Na ce, "Ba komai, ƙaddara ce, mun yafe." To me ake ce wa mai jaje? Haka na taso na ji iyayena na faɗa. Ashe wanda ke bayansa ɗauka yake da waya. Jaje da kyamara! Innalillahi.

Juma'a, 11 ga Yuli
Keziya ta ce, "Mama, maganar ƙofar tiyata ba ta kashe haƙƙin mutum. Sau uku ma'aikata suna kai kukan murfin injin ya cire." Amma ta ce sai na tsaya gaban alƙali na yi bayani. Goggo, mahaifiyar Malam, ta ce, "Ke da karatunki, ki yafe kuma ki janye? A bar wa Allah." Tunda nake ban taɓa faɗin magana na janye ba.

Asabar, 19 ga Yuli
Kasuwar Sabon Gari. Na ci karo da manajan yana cinikin kaji, yana ɗaga su hannu bibbiyu. Wai, "Hajiya, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Astagfirullah, abin da na ji a raina.

Litinin, 21 ga Yuli
Malam ya dawo daga masallaci jiki a sanyaye. Wani baƙo ya miƙo masa hannu, shi kuma ya ɗaga dungun kafin ya tuna. Ya zauna bakin tabarma. Can ya ce, ba faɗa, ba ɗaga murya, "Ni dai ba a tambaye ni ba."

Tun ina Islamiyya na san mai haƙƙi ne ke yafe haƙƙinsa. Hannun nawa ne? Na yi kyauta da abin da ba nawa ba, don kawai kada a ce ban iya karɓar baƙo ba.

Laraba, 23 ga Yuli
Dama ban kwance bakin buhun shinkafar nan ba. Na sa a keke an mayar musu. Goggo ba ta amsa gaisuwata ba. Ba rigima nake nema ba, Allah ya sani, kuskure nake gyarawa. Mayafina na fita unguwa ma da na goge, ya daɗe a ninke ne kawai.

Ga abin da na aika wa Keziya:

"Barista, ki yi haƙuri da damu. Malam bai yafe ba, ni kuma ba ni da ikon yafewa. Zan faɗa gaban alƙali, su kunna wayar tasu kowa ya ji. Wace rana ce? Kuma a tsaye ake magana ko a zaune? Don Allah ki amsa mini da wuri."